Dokin Mai Baki Ya Fi Gudu: Yadda Na Auna Zaburar Kilin Kawuna

Hausawa suna cewa dokin mai baki ya fi gudu, kuma duk wanda ya taɓa zama inda masu dawakai suke hira bayan an sauko daga hawan Sallah ya san wannan magana ba ta faɗi ƙasa ba. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da wani kili da ya sayo a kasuwar Maigatari, kuma tun ranar da aka ɗaure shi a turke zaurensa bai sake samun wani zance ba sai na wannan doki. Akwai amininsa da yake da akawal, dogo mai faɗin ƙirji, kuma kusan duk haɗuwarsu sai gardama ta tashi. Kawu yana rantsuwa cewa idan aka saki linzami babu dokin da yake riga kilinsa barin wuri, shi kuwa mai akawal yana cewa a ba su fili mai tsawo a gani, domin dokinsa bai taɓa bin bayan wani ba. Da yake aikina koyar da kimiyyar fiziks ne a makarantar sakandare, na daɗe ina sauraronsu ina dariya a zuci, saboda na lura cewa mai yiwuwa ne dukkansu gaskiya suke faɗi, abubuwa biyu ne dabam suke kira da suna ɗaya.

Sauri shi ne nisan da doki yake ci a cikin wani lokaci, kamar a ce mita 12 a kowane sakan. Abin da Kawu yake alfahari da shi kuwa, wanda mahaya suke kira zabura, shi ne yadda wannan sauri yake ƙaruwa daga sakan zuwa sakan, kuma shi zan riƙa kira ƙaruwar sauri. Idan doki yana tsaye cik, bayan sakan ɗaya saurinsa ya kai mita 3 a sakan, bayan na biyu ya kai mita 6 a sakan, to ƙaruwar saurinsa ita ce mita 3 a sakan a cikin kowane sakan. Maimaita kalmar sakan ba kuskuren rubutu ba ne, domin na farko yana cikin ma'aunin saurin ne, na biyu kuma shi ne lokacin da saurin ya ɗauka yana ƙaruwa. Dokin da yake sukuwa a kan kilomita 45 a awa ba tare da ƙari ko ragi ba, komai ƙurar da yake tayarwa, ƙaruwar saurinsa sifili ce. Wannan ita ce gaɓar da take ba ɗalibaina wahala kowace shekara, kuma ita ce ta hana dattawan nan biyu fahimtar juna.

Akwai hanyoyi biyu na lissafin. Ta farko ita ce a cire saurin farko daga saurin ƙarshe, a raba abin da ya rage da lokacin da aka ɗauka. Matsalarta ita ce doki ba shi da agogon sauri irin na mota, saboda haka ba a san saurinsa a daidai wani lokaci ba sai an bi ta wata hanya. Ta biyu ta fi dacewa da mai turke da igiya, amma sai idan dokin ya tashi daga tsaye: a ninka nisan da ya yi sau biyu, sannan a raba da lokacin da aka ninka da kansa. Dalilin ninkawar shi ne, abin da ya tashi daga tsaye yana ƙara sauri daidai wa daida, matsakaicin saurinsa rabin saurinsa na ƙarshe ne.

Bayan an gama girbi aka kwashe kara, sai na roƙi Kawu ya ba ni aron kilin da yaron da yake kula da shi na yamma ɗaya. Muka je wani fako da ke bayan gari, na ɗauki tef irin na magina na kafa turaku shida a jere, mita 10 tsakanin kowane biyu, na ɗaura wa kowanne farin tsumma don a hango shi. Gwajin farko da agogon waya na yi shi, kuma bai yi kyau ba. Sau uku yaron ya zaburi dokin, na sami sakan 2.2, da 2.6, da 2.3 a mita goman farko, alhali a ido gudun iri ɗaya ne. Laifin na yatsana ne, domin tsakanin ido ya gani da yatsa ya danna akan sami jinkirin kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan, kuma tun da ana ninka lokacin da kansa ne a lissafin, kuskuren ma ninkuwa yake yi. Idan lokacin gaskiya 2.4 ne, amsar ita ce 20 a raba da 5.76, wato kusan 3.5. Idan yatsa ya ba da 2.2, amsar ta koma 20 a raba da 4.84, wato 4.1. Ɗan wannan kuskure ya ƙara wa doki kusan kashi 20 cikin ɗari na zaburar da ba tasa ba, kuma na tabbata da Kawu ya san haka da wannan adadin zai riƙe.

Sai na koma ga bidiyo. Wayata tana ɗaukar hotuna 30 a kowane sakan, saboda haka idan aka bi bidiyon hoto bayan hoto ana ƙirgawa, an sami agogon da ya fi yatsa aminci nesa ba kusa ba. Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1878, a Palo Alto da ke Kalifoniya, wani mai ɗaukar hoto mai suna Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a gefen hanyar da doki zai bi, bisa buƙatar attajirin nan Leland Stanford, kuma hotunansa suka nuna cewa akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duk suke sama a cikin sukuwa. Suka kuma nuna cewa hakan yana faruwa ne sa'ad da ƙafafun suka tattaru a ƙarƙashin ciki, ba sa'ad da suka miƙe gaba da baya ba kamar yadda masu zane suka daɗe suna zanawa. Ni dai na ja da baya sosai daga layin turakun kafin na ɗauka, domin idan mai ɗauka ya matso kusa, turakun da ke can gefe sukan yaudari ido, a ga kamar doki ya wuce su alhali bai kai ba.

Da dare na zauna na ƙirga, ina bin ƙirjin dokin, ba hancinsa ba, tun da kai yana gaba yana baya a cikin gudu. Daga motsin farko zuwa turken mita 10 hotuna 72 ne, wato sakan 2.4. Mita goma na biyu sun ci hotuna 33, na uku 28, na huɗu 26, na biyar kuma 25. Wannan auno ne na yamma ɗaya da doki ɗaya, ba abin da za a yanke wa dukkan dawakai hukunci da shi ba ne, amma ya isa ya nuna siffar abin. A zangon farko ƙaruwar saurin ta kai kusan 3.5. A zango na biyu matsakaicin saurin mita 9.1 ne a sakan, a na uku 10.7, kuma tsakanin tsakiyar wannan zango da tsakiyar wancan kusan sakan ɗaya ne, saboda haka ƙaruwar ta sauko zuwa 1.6. Daga na uku zuwa na huɗu ta koma kusan 0.9, daga na huɗu zuwa na biyar kuma kusan 0.5, inda dokin yake kan mita 12 a sakan, wato kimanin kilomita 43 a awa. Adadin ƙarshen nan ban ba shi cikakkiyar amana ba, domin kuskuren hoto ɗaya tak a cikin 25 ya isa ya shafe shi ko ya ninka shi. Abin da ba ya cikin shakka shi ne yawancin zaburar a mita ashirin na farko take, daga nan sai ta riƙa dusashewa, dokin yana ƙara gudu amma ƙarin yana raguwa.

Wannan shi ne dalilin da ya sa nake jin haushin irin tambayar da ake sa wa ɗalibai, wadda take cewa doki ya tashi daga tsaye yana ƙara sauri daidai wa daida har tsawon sakan goma. Da kilin Kawu zai riƙe 3.5 na sakan goma, da ya kai mita 35 a sakan, wato kilomita 126 a awa, kuma babu dokin da ya taɓa kusantar haka. Lissafin da ya ɗauka cewa ƙaruwar ba ta canzawa yana da amfani ne a gajeren zango kawai, kuma ko a can matsakaici yake bayarwa.

Abin da yake taƙaita zabura a farkon tashi ya bambanta da abin da yake taƙaita ta daga baya. Masu bincike a Royal Veterinary College, wata kwalejin likitancin dabbobi ta Ingila, sun wallafa wani nazari a 2009 a kan karnukan tsere da dawakan wasan ƙwallon dawaki, inda suka nuna cewa a ƙaramin sauri ba rashin ƙarfi ne yake hana dabbar ƙara tunkuɗawa ba, gudun kada gabanta ya ɗaga ne. Ƙafafun baya suna tura ƙasa daga can ƙasa, nauyin jiki kuma yana sama, saboda haka idan turin ya yi yawa sai ƙafafun gaba su bar ƙasa, kamar yadda tayar gaban babur take ɗagawa idan matashi ya murɗa totur da ƙarfi. Sai bayan gudu ya kankama ne ƙarfin tsoka yake zama iyakar. Da na koma ga bidiyona na ga hakan da idona: a taku biyun farko kilin ya durƙusar da kuturinsa, ya miƙa wuya gaba ƙasa-ƙasa, yaron kuma ya kwanta a kan gezarsa ba tare da kowa ya koya masa fiziks ba.

A nan ne na yi wa Kawu laifi. Na gaya masa cewa a tseren mita 100 da Usain Bolt ya yi a Berlin a 2009, wanda ya gama a sakan 9.58, ya ci mita goman farko a sakan 1.89, ya kuma kai mita 50 a sakan 5.47, alhali kilinsa ya kai turkena na ƙarshe ne a sakan 6.1. Ma'ana, da an jera su, da mutumin yana gaban dokin har iyakar turakuna. Kawu ya dube ni ya ce, “Kai ɗan nan, ashe karatun naka bai hana ka zancen banza ba.” Amma babu abin mamaki a ciki, domin mutum mai nauyin da bai kai kilo 100 ba ya fi saukin tashi a kan dabbar da ta ninka shi sau uku ko huɗu kuma tana ɗauke da mahayi. Idan aka ƙara tsawon filin labari zai juya, tun da saurin Bolt mafi girma bai kai kilomita 45 a awa ba kuma na ɗan lokaci ne, dokin tsere kuwa yana riƙe sama da kilomita 55 a awa har tsawon kilomita biyu. A ɓangare guda kuma, motar gida da take kai kilomita 100 a awa cikin sakan goma matsakaiciyar ƙaruwar saurinta 2.8 ce, ƙasa da ta kilin a zangonsa na farko. Wannan dai Kawu ya karɓa hannu bibbiyu.

Wanda ya san ƙaruwar sauri zai iya sanin ƙarfin da ya haifar da ita, idan ya san nauyi, domin dokar Newton ta biyu ta ce ƙarfi shi ne nauyi sau ƙaruwar sauri. Babu sikelin da zai ɗauki doki a garinmu, saboda haka na yi amfani da dabarar da likitocin dabbobi suke bi: a auna kewayen ƙirji a inda majanyin sirdi yake zama, a ninka shi da kansa, a ninka da tsawon jiki daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen kuturi, duka da santimita, sannan a raba da 11,877. Kewayen kilin 165 ne, tsawonsa 152, abin da ya ba da kusan kilo 350. Dawakanmu na nan, masu jinin dawakan Arewacin Afirka da na Dongola, ba su kai girman dawakan tseren Turai ba, waɗanda sukan kai kilo 450 zuwa 500. Da na haɗa da yaron da sirdi na sami kilo 420, sau 3.5 kuma ya ba da niyutan 1,470 (niyutan shi ne ma'aunin ƙarfi), wato turi gaba daidai da nauyin buhun siminti uku. Idan aka lissafa kuzarin motsin da dokin ya tara a sakan 2.4 na zangon farko, aka raba shi da wannan lokaci, ana samun kimanin wat 6,000, wat kuwa shi ne ma'aunin kuzarin da ake fitarwa a kowane sakan. Ma'aunin da James Watt ya ƙirƙiro don tallata injinansa, wanda ake kira ƙarfin doki ɗaya, wat 746 ne, saboda haka kilin Kawu shi kaɗai ya fitar da ƙarfin doki takwas. Watt bai yi ƙarya ba, aikin da doki zai jure yi tsawon yini ya auna, ba zaburar sakan biyu ba.

Jikin doki an gina shi ne don wannan sauyi na farat ɗaya daga kiwo zuwa gudu. Zuciyarsa tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti idan yana hutawa, amma a tsananin sukuwa takan haura 200. Saifarsa rumbu ce ta jajayen ƙwayoyin jini, kuma da zarar ya firgita ko ya fara gudu sai ta matse ta zuba su cikin jini, jinin ya ƙara ɗaukar iska. Ta hanci kawai yake numfashi, shi ya sa ake ganin ƙofofin hancinsa sun buɗe wangam bayan gudu, kuma a cikin sukuwa numfashinsa yana ɗaure da takunsa, shaƙa ɗaya da fitarwa ɗaya a kowane cikakken taku. Daga gwiwa zuwa kofato kusan babu tsoka, ƙashi ne da jijiyoyi, kuma jijiyoyin suna miƙewa idan ƙafa ta sauka su dawo da kuzarin idan ta tashi, kamar robar gwafa. Wannan ya sa ƙafar ba ta da nauyi, tana saurin lilo, amma kuma shi ya sa a nan ne dokin gudu ya fi samun rauni.

Duk wannan yana goyon bayan Kawu ne. Mai akawal kuma yana da nasa gwarzon, ko da yake bai san shi ba. A gasar Kentucky Derby ta 1973 a Amurka, wani doki mai suna Secretariat ya gama mil ɗaya da kwata, kusan kilomita biyu, a minti 1 da sakan 59.4, kuma har yau ba a karya wannan lokaci a gasar ba. Abin da ya sa ake tunawa da tseren shi ne kowace kwatar mil, wato mita 402, ya yi ta ne da sauri fiye da wadda ta gabace ta: sakan 25.2, sai 24, sai 23.8, sai 23.4, sai 23. A kwata ta biyu saurinsa mita 16.8 ne a sakan, a ta ƙarshe 17.5, kuma tsakanin tsakiyarsu kusan sakan 71 ne, saboda haka ƙaruwar saurinsa ba ta wuce 0.01 ba. Idan aka ajiye wannan adadi kusa da 3.5 na kilin Kawu sai a ga kamar ba komai ba ne, amma a ganina ya fi shi ban mamaki, domin abin da aka saba gani shi ne doki ya riƙa rage sauri a ƙarshen tsere, wanda ya ci ma shi ne wanda raguwarsa ta fi ƙanƙanta. Likitan da ya duba gawar Secretariat a 1989 ya ƙiyasta zuciyarsa da kusan kilo 10, fiye da ninki biyu na ta dokin tsere na yau da kullum.

Ko a cikin littattafan bajinta, sai an yi hattara da inda agogo ya fara. Wata 'yar goɗiya mai suna Winning Brew ta yi kwatar mil a sakan 20.57 a jihar Pennsylvania a 2008, kimanin kilomita 70 a awa, kuma ita ake yawan ambata a matsayin mafi sauri. Sai dai a irin wannan tsere a Amurka agogo yakan fara ne bayan dawakai sun ɗan yi nisa daga ƙofar tashi, suna cikin gudu. A tseren dawakan gajeren zango da ake kira Quarter Horse kuwa daga ƙofa ake farawa, amma duk da haka wani doki mai suna First Moonflash ya yi wannan nisa a sakan 20.274 a 2009. Dokin da ya ɓata sakan na farko yana tashi daga tsaye kuma ya gama a ƙasa da wancan lokaci, babu makawa ya fi gudu a tsakiyar fili.

Akwai ɓangaren lissafin da ya fi shafar mu, kuma shi ne tsayawa. Wanda ya kalli jafi a ƙofar fada ranar Hawan Daushe a Kano ya ga mahaya sun taho a sukwane, sannan sun ja linzami dab da inda sarki yake, dawakai sun zauna a kan ƙafafun baya ƙura ta turnuƙe. A lissafi wannan ma ƙaruwar sauri ce, amma ta juya baya, kuma ana samunta ta hanyar ninka saurin da kansa a raba da ninki biyu na nisan tsayawa. Mu ƙaddara doki yana kan mita 12 a sakan ya tsaya a cikin mita 12: 144 a raba da 24 ya ba da 6, kusan ninki biyu na zaburar kilin, kuma dab da abin da mota take yi idan aka taka mata birki da ƙarfi a kan kwalta. Ga doki da mahayi masu kilo 420 wannan niyutan 2,520 ne, kuma yawancinsa a kan gaɓoɓi da jijiyoyin ƙafafun baya yake sauka. Tun da ana ninka saurin da kansa ne, ƙarin kwata ɗaya a saurin shigowa yana ƙara fiye da rabi a kan nauyin da ƙafafun za su ɗauka idan nisan tsayawar bai canza ba. Linzami ba shi ne yake tsayar da doki ba, saƙo kawai yake kai masa, ƙafafunsa ne suke aikin, shi ya sa raina yake ɓaci idan na ga matashin mahayi yana fizgar ƙarfe har bakin doki ya yi jini, alhali dokin da aka horar da kyau ɗan ja kaɗan da zaman mahayi sun ishe shi.

Na kai wa Kawu takardar lissafin a zaure, amininsa yana zaune. Na bayyana musu cewa idan gardamar a kan wanda zai riga barin wuri ce, turaku uku sun isa a raba ta, idan kuwa a kan wanda zai riga isa ne, sai an fara yarda da tsawon filin kafin a ɗaura sirdi. Mai akawal ya ce a kafa masa turaku har bakin rafi. Kawu ya ce mita 20 sun wadatar, tun da ko a gaban sarki ba a wuce haka da yawa. Har aka kira sallar Magariba ba su daidaita a kan nisan ba, kuma turakuna suna nan jingine a bayan barga.